Surukina a Kan Ƙanƙara

Abubuwa da yawa sun same ni a zaman da na yi a Doha, wasu na manta, wasu na yi kamar na manta. Amma ranar da na ɗora surukina a kan ƙanƙara, wannan kam ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa ba za ta fita ba. Har gobe in na tuna sai kunya ta fara rufe ni, can kuma dariya ta ƙwace mini ni kaɗai.

Na san wani zai ce me ya haɗa Bahaushe da ƙanƙara, a ƙasar da rana ke narkar da takalmin roba. To ni mutumin Jos ne, aikin gadi ya kai ni can. Kamfaninmu ya tura mu wani ƙaton kanti mai wurin wasa a ciki. An gina tudu a cikin wani makeken ɗaki, inji na ta feso masa dusar ƙanƙara, mutane na shiga su ɗaura wasu dogayen alluna biyu a ƙafa, su riƙe sanduna, su sulalo daga sama zuwa ƙasa. Abokan aikina kowa gudun ƙofar nan yake saboda sanyi. Ni kuwa da bakina, ba wanda ya tambaye ni, na ce, "Ku bar mini wurin nan, ɗan Jos ne ni, sanyi abokin wasana ne." Wannan cika baki shi ya jawo mini duk abin da ya biyo baya.

Tsayuwa a bakin ƙofa ta ishe ni, sai na fara arar allunan ina gwadawa duk lokacin da babu baƙi. Faɗuwar da na sha Allah kaɗai ya san iyakarta. A hankali ƙafata ta zauna. Manajan wurin, wani Balarabe mai faɗa kamar ya ci mutum amma zuciyarsa fes, ya gan ni wata rana ina sulalowa, ya ce in tuɓe kayan gadi. Aka ba ni horo, na samu ƙaramin satifiket na koyar da yara. Na yi aure ina kan wannan aiki, maiɗakina tana Jos ina aika mata da abin da ya samu, mutanen unguwa na cewa ai mijinta babban ma'aikaci ne a ƙasar Larabawa. Ba wanda ya taɓa tambayar ainihin abin da nake yi, ni ma ban tsawaita bayani ba.

Sai korona ta zo aka rufe komai. Inji ya mutu, tudunmu ya narke, muka koma ɗakinmu a unguwar Old Airport muna kallon juna da takunkumi a hanci. Mutane nawa na sani da aka sallama suka koma gida a lokacin! Ni Allah ya rufa mini asiri. Da aka sake buɗewa, ana ta shirin gasar cin kofin duniya, manaja ya kira ni ofis. Ya ce baƙi za su cika gari, manyan mutane za su zo, masu wurin kuma sun ce dole a samu mai koyarwa da ke riƙe da babban satifiket. Zai tura ni wani wurin shaƙatawa a kan duwatsu a Turai in yi jarrabawar. In na ci, aikina na nan har da ƙarin girma. In na faɗi, za su ɗauko wani daga waje, ni kuma kwantiragina ba za a sabunta ba. Ya buga tebur ya ce, "Khalas, magana ta ƙare. Yalla, je ka shirya." A lokacin maiɗakina na da tsohon ciki, ga ƙannena biyu da nake biya wa makaranta. Na fito daga ofishin nan na fara shirin tafiya.

Da na sauka a kan dutsen nan na gane sanyin Jos wasan yara ne. Gemuna ya daskare, hawaye na zuba ba tare da an yi mini komai ba. Tudun da nake taƙama da shi a Doha kuwa, ashe a wurinsu nan ne ake ajiye jarirai su yi wasa.

Mai yi mana jarrabawa wata dattijuwar Baturiya ce, gashi fari fat, fuska ba alamar fara'a, ta kai sa'ar mahaifiyata ko ta fi. Safiyar farko muna tsaye a kan gangare, kowa da allunansa a ƙafa, ta zo tana gaisawa da mu ɗaya bayan ɗaya. Turawan nan sai dai su ɗaga mata sanda su kira sunanta gatsal. Da ta iso kaina, jikina ya yi abin da aka koya masa tun ina yaro: na durƙusa zan gaishe ta. Abin da ban tuna ba shi ne, a kan ƙanƙara in mutum ya durƙusa alhali kan allunansa na kallon gangare, to gudu ya nema. Ina cikin cewa "ina kwana" da Turancina, na ji ƙasa ta fara tafiya. Na wuce ta, na wuce sauran, gaisuwar da na fara a sama sai a can ƙasa na ƙarasa ta, cikin wata raga mai ruwan lemo da aka kafa don irina. Da na hawo ina kakkaɓe jiki, matar nan ta dube ni ta ce, "A ƙasarku haka ake gaisuwa?" Na ce, "Durƙuson namu ne, tafiyar taku ce." Ban ga ta yi dariya ba, amma gefen bakinta ya motsa.

Duk da haka na dage. Na sha wuya, gwiwoyina suka kumbura, amma sashen gudu da juyi da tsayawa na ci shi, har ni kaina na yi mamaki. Saura sashe ɗaya, na koyar da babban mutum wanda bai taɓa taka alluna ba, ita tana kallo tana ba da maki. Ana gobe za a yi aka yi mana gwajin korona, nawa ya fito da ita. Aka kulle ni a ɗakin otal ina hangen dutse ta taga har lokacin jarrabawa ya wuce. Wallahi na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Ranar da zan taho Baturiyar ta kira ni ta ce ƙasarsu ta samu shiga gasar, ta riga ta sayi tikiti, za ta zo Doha kallon ƙwallo. Koyar da sabon shiga ba ya bukatar dutse, ta ce, tudunmu na cikin ɗaki ya isa. In nemo babban mutum in ajiye mata, za ta ba ni safiya ɗaya.

Na samu mutumina tun da wuri, wani abokina Bakatsine direban motar haya, ƙato mai son a ɗauke shi hoto. Hankalina ya kwanta.

Ana dab da fara gasa maiɗakina ta kira ni tana murna. Wai babban yayanta ya saya wa Baba, mahaifinsu, tikitin kallon wasa, kuma tunda otal ya yi tsada, a wurina zai sauka. Surukina tsohon malamin makaranta ne, ya yi ritaya, mai son ƙwallo kamar me, siririn dattijo mai kaifin harshe. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In zan gaishe shi daga bakin zaure nake cire takalmi, in tsuguna, in yi ta "lafiya lau" kaina a ƙasa har ya sallame ni. Wannan mutum ne zai zauna da ni a ɗaki ɗaya.

Na bar masa gado da ɗakin baki ɗaya, na koma baranda da tabarma. Abinci kuwa in na kai masa nasa, nawa a tsaye nake cinyewa a kicin kamar ɓarawo. 'Yan gidanmu suka samu abin yi, da na shigo sai su ce, "Ango, an ƙoshi ko a rufe maka ƙofa?" Shi kuwa Baba ko a jikinsa. Ya sayi ƙaho, ya samo tutar wata ƙasa da bai ma san inda take ba, kullum yana cikin jirgin ƙasa yana yawon gari, ya dawo yana ba mu labarin Turawan da ya yi musu da su.

Safiyar jarrabawa ina ɗaura takalmi ya ce, "Yau ba wasan da zan kalla. Zan bi ka in ga wurin aikin nan naka da ake ta faɗa." Ina zan iya ce masa a'a? Na ce, "To, Baba." Muna hanya abokina ya kira, wai kamfaninsu ya riƙe shi, an ba shi wasu baƙi zai kai filin wasa, ba zai samu zuwa ba. Na ce, "Ka rufa mini asiri!" Ya ce, "Wallahi ko uwata ce ke jarrabawar nan kafil, ubangidan aikina, ba zai sake ni ba." Ya kashe waya.

Muka isa, Baturiyar na tsaye da rigar ƙwallon ƙasarsu a kan rigar sanyi, takarda a hannu. Na yi mata bayani. Ma'aikatan wurin duk sun taɓa hawa, baƙi ba su fara zuwa ba, ita kuma da yamma jirginta zai tashi don an riga an fitar da su daga gasar, abin da bai ƙara mata fara'a ba. Ta waiwaya ta ga Baba yana taɓa dusar ƙanƙara da yatsa yana ɗanɗanawa. Ta ce, "Wancan fa? Ya taɓa yi?"

Na ce, "A'a, a'a, wannan ba zai yiwu ba, mahaifin matata ne."

Ta ce, "To sai me?"

Baba kuwa Turanci a bakinsa yake, ya ji komai. Ya matso ya ce da ni da Hausa, "Me ake ciki ne?" Dole na faɗa masa, kaina a sunkuye, har da maganar kwantiragi. Sai ya ce, "Ni da na yi shekaru ina gangara duwatsun Jos da keke marar birki? A kawo katakon."

Aka sa masa ƙatuwar rigar sanyi a kan kaftani, aka cire hularsa aka kifa masa hular kwano. Da na tsuguna ina ɗaura masa takalma, nan ne kaɗai na ji daidai, don wannan zaman na saba da shi. Daga nan komai ya rikice.

Ƙa'idar koyarwa ita ce ka tsaya gaban ɗalibi, ka kalle shi ido cikin ido, ka ba shi umarni gajere, in jikinsa ya karkace ka kama ƙugunsa ko gwiwarsa ka gyara. Ni kuwa na tsaya a gefe, idona a kan takalmina, ina cewa, "Da Baba zai taimaka, in ba damuwa, ya ɗan lanƙwasa gwiwa kaɗan, in Allah ya yarda."

Ya ce, "Da wa kake? Ni ko ƙasa?"

Na ce, "Da Baba nake."

"To gwiwar tawa tun ritaya ba ta lanƙwasuwa sai a salla."

Ya tsaya ƙiƙam, ya jingina baya, sandunan nan ya riƙe su kamar zai kori awaki. Duk kuskuren da littafi ya lissafa sai da ya yi shi. Ni kuma duk wanda ya yi sai in ce, "Madalla, Baba, haka ma ya yi." Ta yaya zan buɗe baki in ce wa surukina bai iya ba? Na kai hannu zan gyara masa ƙugu, hannun ya tsaya a iska ya ƙi ƙarasawa, na mayar da shi na sosa ƙeya. Matar ta kira ni gefe ta ce, "Ba na jin yarenku, amma ina da ido. Ba koyarwa kake yi ba, roƙo kake yi. Ka kalli ɗalibinka. Saura kaɗan in rufe takardar nan." Manaja na can bayan gilashi ya dafe kai da hannu biyu.

Na dawo na nuna wa Baba yadda ake tsayawa: a haɗa kawunan alluna a gaba, a buɗe dugadugai a baya, a danna. Na nuna da ƙafata, na maimaita, duk a cikin "ko Baba zai gwada". Ya ce ya gane, amma ban ga alama ba. Muka hau tsakiyar tudu inda ake fara wa sababbi. A sanyin nan gumi nake yi. Na hango matar tana girgiza kai, ta fara mayar da biro aljihu. A raina na ce shi ke nan, na fara tunanin wace jaka zan zuba kayana.

Juyowar da zan yi, babu Baba a gefena.

Ga shi can ya miƙe gangare, alluna a jere sambal, kaftani na kaɗawa ta ƙarƙashin rigar sanyi, sanduna a sama, yana "La'ilaha illallahu!" Gudu na ƙaruwa, a ƙasa kuma bango ne, an lulluɓe shi da katifa amma bango ne, mutumin nan kuwa ya ba saba'in baya. Ban san lokacin da na tashi ba. Na sha gabansa, na juyo ina tafiya da baya muna fuskantar juna, na zuba masa ido, na ji wata murya ta fito daga cikina wadda ko yara ban taɓa yi wa ba.

"Kai! Dube ni nan! Buɗe ƙafarka! Buɗe na ce! Haɗa gaba! Danna! Danna, malam, kar ka kalli ƙasa!"

Wallahi sai ga dattijo ya buɗe dugadugai, gwiwar da ba ta lanƙwasuwa ta lanƙwashe. Na cafki gwiwoyinsa biyu na matsa su ciki, ina ta "Haka! Riƙe! Kar ka saki!" Dusar ƙanƙara na tashi ta ko'ina, gudu ya ragu, ya ragu, muka tsaya cak, bayana na gogar katifar bango. Bai faɗi ba.

A nan hankalina ya dawo jikina, na tuna abin da bakina ya furta. Na ce wa surukina "kai". Na ce masa "malam". Ga hannuwana har yanzu a kan gwiwoyinsa, ga idona cikin nasa. Da ƙanƙarar nan za ta tsage da na shige. Na fara, "Baba, don girman Allah a yi haƙuri, ban san..."

Yana haki ya ce, "Rufe mini baki. Sai yanzu ka yi magana irin ta malamai. Tun safe kana ta yi mini kamar mai neman aure. Mu koma sama."

Muka koma. Wannan karon na tsaya gabansa, na yi ta ba shi umarni. Ya sauko ya tsaya da kansa, ya sake saukowa har da ɗan juyi, ya ɗaga sanda yana wa manaja kirari ta gilashi. Matar ta ciro bironta ta yi rubutu mai tsawo. Da muka gama ta miƙo mini hannu ta ce na ci, satifiket zai iso ta hannun manaja. Ta ƙara da cewa rabin farko shi ne koyarwa mafi muni da ta taɓa gani, rabin ƙarshe kuma ba ta da abin gyarawa. Manaja ya fito a guje da takalmin ofis, santsi ya kwashe shi, ya rungume ni daga zaune.

A jirgin ƙasa muna komawa gida na ga Baba na ta murza gwiwarsa ta hagu, yana cije leɓe in ya ɗauka ban gani. Na koma gidan jiya, kaina a ƙasa, na ce, "Baba, santsin nan ya yi mana ba daidai ba. Laifina ne da na ɗauke ido."

Ya ce, "Wane santsi? Ni na tura kaina da sandunan nan."

Na ɗago ban shirya ba.

Ya ce, "Na ga matar nan na mayar da biro. Shekara da shekaru ina duba malamai a aji, na san ma'anar wannan. Na ce yaron nan in ba a tsorata shi ba, kunyata za ta kore shi daga aiki, 'yata da jikana su kwana da yunwa. Gwiwa ce, za ta warke." Ya juya yana kallon taga, can ya ce, "Amma 'malam' ɗin nan da ka ce mini, sai na faɗa wa uwar matarka."

Ya kuwa faɗa. Kafin mu isa Old Airport labari ya kai Jos. Maiɗakina ta kira tana dariya har da shaƙewa, wai, "Ashe kai ne mai daka wa Baba tsawa?" Yayanta kuma ya ce kar in yarda, Baba bai taɓa amsa cewa ya faɗi ko a kan keke ba, santsi ne ya ja shi ya mayar da abin dabara. Ban sani ba. Abin da na sani shi ne sauran kwanakinsa a Doha da ɗingishi ya je kallon ƙwallo, kuma bai yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Ranar da na raka shi filin jirgi, na tsuguna zan yi masa sallama, ya kama kafaɗata ya tashe ni tsaye ya ce in riƙe aikina da kyau. Na juya da sauri don kar ya ga idona.

Mu an raine mu a kan cewa girmama babba shi ne ka sunkuyar da kai ka yi shiru, kuma har yau haka nake gaishe shi, ba abin da ya canja. Amma ranar nan ta koya mini cewa in an damƙa maka lafiyar mutum a hannu, shirun nan ba ladabi ba ne. Da na ci gaba da "ko Baba zai taimaka", da dattijon nan ya haɗu da bango ina tsaye ina jin kunyarsa. Wanda kake girmamawa da gaske, in ka ga zai halaka, ɗago kai ka dube shi ka faɗa masa da ƙarfi. Haƙurin ka ba shi daga baya, yana tsaye da ƙafafunsa.